Ƙarfen da Ba Ya Durƙusawa

Ina da shekara ashirin da 'yan kai na yi imani cewa hoto mai kyau shi ne wanda ba a jin mai ɗaukarsa a ciki: babu numfashinsa, babu takunsa, babu rawar hannunsa. Na ɗauka cewa ranar da na raba kyamara da motsin jikina, sauran aikin fim mai sauƙi ne. Da wannan imani na dawo Katsina bayan jami'a da hidimar ƙasa, a daidai lokacin da sojoji suka koma bariki, kowa ya ɗinka babbar riga yana jiran a kira shi. Ni ba a kira ni ba. Abin da na mallaka shi ne wata babbar kyamarar kafaɗa mai cin kaset, da batir guda da ya rage yana riƙe wuta. Ina ɗaukar bikin aure da suna, ina gaya wa kaina cewa na ɗan lokaci ne.

Mahaifiyata tana da yaya a Makka. Ta tafi da mijinta ta ƙasa tun kafin a haife ni, suka zauna can. Mijin ya rasu, 'ya'yanta suka tashi da Larabci a baki, ita kuma ba ta da takardun da za ta fito ta koma. Innar Makka muke ce mata. Sau ɗaya a shekara suke jin juna. Mahaifiyata takan zauna gaban rakoda ta cika kaset da gaisuwa da labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu, a ba wata maƙwabciyarmu, Hajiya mai fataucin turare da dogayen riguna, wadda ba ta fashin zuwa hajji, kuma ita kaɗai ta san lungun da Innar take a kan dutse. Idan alhazai suka dawo, amsa ta zo.

Wata shekara na haɗa da kaset ɗin bidiyo na wani suna da aka yi a gidan kakanninmu da ke Gobarau, gidan da mahaifiyata ta koma bayan rasuwar mahaifina, ta zauna a ɗakin tsohuwarsu. A cikin kaset ɗin akwai ɗan wurin da na biyo masu kawo goro ta cikin lungu. Da amsa ta zo muka zauna muka saurara. Innar ta ce ta ga lungunsu, amma hoton yana ta tsalle har jiri ya ɗebe ta, sai da ta kwanta. Ta ce yanar ido ta fara rufe mata gani, na hagu ya riga ya tafi, na dama ma hazo-hazo yake gani. Daga nan muryarta ta sauka.

"Ku ce ma ɗan nan shi shigo da ni gida. Shi ɗauko ni daga Ƙohwar Guga inda motarmu ta tashi, sannu a hankali, har ɗakin tsohuwarmu. In ga ƙanwata zaune ciki. Ban roƙi komi ba bayan wannan."

Mahaifiyata ba ta dube ni ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye. Sai ta ce wa rakodar, "To, ya ji."

Na taɓa ganin hoton wata na'ura mai hana kyamara rawa a mujalla a laburaren jami'a: mutum sanye da abu kamar sulke, ƙarfe ya taso daga bayansa ya ratso ta saman kansa, kyamara tana rataye a gabansa. Babu bayanin yadda aka haɗa ta. Daga abin da na iya tunawa na zana tawa, na kai wa wani mai walda da ke bayan layin makanikai, mutumin Filato, Kirista, wanda ya girme ni kaɗan. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya tambaye ni ko wani nake so in rataye. Tun daga ranar yake ce mini Darakta, ni kuma ina ce masa Injiniya, kuma dukanmu mun san tsokana ce.

Mun yanke farantin ƙarfe daidai faɗin bayana, muka shimfiɗa masa soson katifa, dukawa suka rufe da fata. Muka ciro bel daga kujerun wata matacciyar mota na ɗaurewa a ƙirji da ƙugu. Muka lanƙwasa bututun ruwa kamar ƙugiya, ya tashi daga farantin ya wuce kaina, muka sa masa boris a baki don kyamarar ta iya juyawa. Da na rataya ta sai nauyinta ya ja ni gaba kamar zan ci da baka, don haka muka ƙara wani sanda a ƙasan farantin, ya sauka har bayan cinyoyina, muka ɗaure masa duwatsun sikeli.

Watanni suka tafi a kan abu guda, wato abin da zai shanye takun ƙafa tsakanin bututun da kyamarar. Sifirin ɗin babur ya yi tauri, kowane taku yana isa hoton. Robar cikin tayar keke ta yi laushi, kyamarar tana lilo kamar guga a rijiya, kuma da rana ta yi zafi sai ta tsinke. Muka haɗa su biyun, muka rage, muka ƙara. Sau da yawa in je in tarar babu wuta, Injiniya yana zaune a kan tsohuwar taya yana korar ƙuda. Fatar kafaɗata ta saɓule ta warke ta sake saɓulewa. Duk lokacin da na ji an fara maganar biyan kujerar Makka a unguwa sai in garzaya shagon Injiniya, domin na san idon nan na dama ba jirana yake ba.

A GRA muke gwaji. Titunan can suna da faɗi da inuwa, ƙofofin a rufe, babu mai tsayar da kai. Masu gadi kawai ke bin mu da ido. Can na koyi tafiya da gwiwa a ɗan lanƙwashe, ina ɗora diddige kafin yatsu. Can kuma wata safiya abin ya yi. Da muka saka kaset ɗin muka ga titin yana tahowa kamar muna cikin kwalekwale a ruwa mai kwanciya. Injiniya ya cire hularsa ya ce, "Darakta, mun haihu." Ni kuwa hawaye na ji suna neman zubowa. Ban tambayi kaina ba ko akwai mutumin da ke tafiya haka a Gobarau.

Muna cikin ƙarasa gyare-gyare sai Hajiya ta aiko cewa an matso da jirginsu, ranar Lahadi bayan azahar za ta shiga sansanin alhazai. Ranar Juma'a saƙon ya same ni. Asabar da hantsi na tsaya a Ƙofar Guga, Injiniya ya ɗaure ni, na danna, na fara tafiya.

Hoton da nake gani a ɗan gilashin ido ya fi duk abin da na taɓa ɗauka kyau. Mutane suna gaishe ni, ban amsa ba, don kada muryata ta shiga. Har na iso ƙofar gidan, inda Kawu, wan mahaifiyata da Innar Makka, yake zaune a gindin bishiyar bedi da abokan hirarsa. Tun ina yaro ban taɓa wuce wurin nan a tsaye ba. Jikina da kansa ya fara sauka, sai duwatsun sikelin suka doki ƙasa, sandan ya tokare, ƙugiyar ta rinjayo gaba, kyamarar ta nufi ƙasa. Na miƙe da sauri na daidaita ta, na wuce. Na ji hirar ta ɗauke a bayana. Ƙofar zauren farko tana da tsawo, na shige. Ta biyu gajeriya ce, irin ta ginin da, wadda kowa ke sunkuyawa ya shiga. Bututun ya daki samanta, yaɓe ya zubo mini a ka. Nan na kashe.

Duk da haka ban karaya ba. Na ce a raina an samu tafiyar, ɗakin kuwa sai in kwance ƙarfen in ɗauka da hannu, in haɗa a baya. Bayan la'asar aka kawo wuta, na aro talabijin daga maƙwabta na saka wa mahaifiyata. Ta kalla, tana kiran sunayen gidaje a hankali. Da aka zo gindin bedi, fuskar Kawu ta ɗago tana jiran gaisuwa, hoton ya ɗan sunkuya ya miƙe ya wuce shi, sai ta ce in tsayar.

"Wa ya wuce?"

Na ce babu kowa, kyamara ce.

"Yaya ce ta wuce. Rabonta da wanta tun da sauran baƙi a gemunshi, ka sa ta wuce shi a tsaye. Za ta buɗe baki ta gaishe shi, ka ja ta gaba. Ba za a kai mata wanga ba."

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ce ƙarfen ba ya durƙusawa, na ce lokaci ya ƙure, na ce gara wannan da babu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta miƙa hannu ta karɓi kaset ɗin, ta tura shi ƙarƙashin katifarta ta zauna a kai. A zaure na haɗu da Kawu zai fita masallaci. Na durƙusa, yanzu da babu ƙarfe a jikina. Ya ce Allah ya ƙara ilimi, ya wuce.

Da gudu na isa wurin Injiniya, yana shirin rufewa. Na gaya masa. Ya daɗe yana kallon abin da muka yi wata da watanni muna haɗawa, sannan ya ɗauko zarto. Muka yanke ƙugiyar, muka yanke sandan baya da duwatsunsa. Abin da ya rage mana shi ne mu fito da gajeren hannu daga ƙirji, mu mayar da sifirin da robar can, kyamarar ta zauna a gabana daidai fuska. Babu abin da zai riƙe ta daga baya kuma sai ni. Ya ce, "Darakta, duk nauyin nan ƙugunka zai sauka." Na ce na ji. Magariba ta raba mu ba mu gama ba, aka kuma ɗauke wutar da na jona batir, ban san iya abin da ya sha ba.

Da sassafe ya buɗe shagon, ranar Lahadi, cikin rigar zuwa coci. Ya tayar da ɗan janaretonsa, muka jona batirin a gefe, amma duk lokacin da ya kunna walda sai cajin ya yanke. Yana ɗaure ni yana cewa matarsa za ta ce Hausawa sun saye shi da goro. Na gwada durƙusawa a gaban shagon. Na sauka, na tashi, kyamarar ba ta yi rawa sosai ba. Amma na ji ƙasan bayana ya ɗaure tamau.

Abin da ban sani ba shi ne maganar ta riga ta zaga unguwa. Mahaifiyata ta aika gida-gida cewa yau Yaya za ta shigo. Ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da Innar ta taɓa aiko mata, ta kwana da lalle a hannu, ta zauna a bakin gadon tsohuwarsu tana jira.

Ban yi nisa da Ƙofar Guga ba na tarar da tsoho na farko tsaye da sandarsa a bakin hanya. Na durƙusa na ce Innar Makka tana gaishe shi. Bai dube ni ba, gilashin kyamarar ya duba. Ya yi mata maraba, ya tambaye ta hanya, da gajiya, da bayan rabuwa, da yara, da mutanen Makka. Bayan kowace tambaya yakan ɗan dakata, ya bar mata wurin amsawa. Sannan ya ce ai bai yi mata gaisuwar mai gidanta ba, wanda ya rasu tun ina firamare, ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Mutum ba ya tashi ana tsakiyar addu'a. Na zauna a kan gwiwoyina da ƙarfe a ƙirji har aka shafa.

Haka aka yi ta yi. Tsofaffin mata da ban taɓa ganin fuskarsu a waje ba suka fito bakin zaure da mayafi. Wata ta tuna mata ranar da suka faɗa kududdufi tare, ta yi dariya har tari ya kama ta. Wata ta ce ta yafe mata wani abu da ban gane ba, ta nemi ita ma a yafe mata. Kowace ƙofa sai na sauka, sai na tashi, kuma kowane tashi ya fi na baya wuya. Gumi ya cika mini ido. Ban kai rabin lungun ba alamar batir ta fara ƙiftawa a kusurwar gilashin. Na yi tunanin in kashe a tsakanin ƙofofi, amma tafiyar ita ce abin da ta roƙa. Na yi tunanin in ƙara sauri, sai hoton ya fara tsalle. Na koma takun da na koya, ina addu'a a zuci, ba na ma sanin me nake roƙo.

Kawu yana gindin bedi shi kaɗai, ya sa farar riga. Na durƙusa a gabansa. Ya ƙura wa gilashin kyamarar ido. Sai ya ce, "Kin tsuhwa ko?" Sannan ya fara lissafa mata waɗanda suka tafi, ɗaya bayan ɗaya, da inda aka binne kowa, da wanda ya sallace shi. Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba sai ranar. Alamar tana ƙiftawa da sauri. Na rage murya na ce, "Kawu, batir."

"Ka bar ni in gaisa da ƙanwata."

Na bar shi. Da ya shafa na yunƙura zan tashi, sai na ji wani abu ya tsinke a ƙasan bayana, zafi ya gangara ta ƙafar hagu har yatsu. Injiniya, da ke biye da ni tun daga shago, ya tallafo ni ta hammata. Na tuɓe takalma, na yi sallama a zaure, na sunkuya ta gajeriyar ƙofar, wannan karon na wuce. Ga tsakar gida, ga rijiya da murfinta na kwano, ga tsohon turmi a kife. Ga labulen ɗakin a gabana. Na ji muryar mahaifiyata daga ciki tana cewa lale, lale marhabin. Hannunta mai lalle ya fito ya kama gefen labulen. Gilashin ya yi baƙi.

Ta ɗaga labulen, ta koma bakin gado, ta fara gaisuwa. Ina tsaye a ƙofa da matacciyar kyamara a ƙirji, tana kallon cikinta tana magana da yayarta, tana nuna mata jeren kwanukan tsohuwarsu da ba a taɓa sauke ko ɗaya ba. Na kasa katse ta. Sai da ta numfasa na ce, "Iya, ta mutu tun a ƙofa."

Ta ce, "Mi ta gani?"

Na ce hannunta. Ta juya hannun ta dube shi.

Bayan azahar motar Hajiya ta tsaya a bakin lungu direba yana ta danna oda. Na ba ta kaset ɗin yadda yake. Injiniya ya koma da batirin ya bar janareto yana ta ƙugi har yamma, amma kafin ya cika haske ya tafi, ɗakin kuma ba shi da taga sai ɗan rami. Washegari da rana ta fito na ɗauki mahaifiyata a wani kaset daban, ina zaune a ƙasa domin na kasa tsayuwa, ta maimaita gaisuwar, da ɗan sanyin jiki. Injiniya ya goya ni a babur zuwa sansanin alhazai, kowane rami a hanya ina jin sa har cikin haƙora. A bakin ƙofa aka ce mana ayarin su Hajiya ya tashi tun da asuba. Na bi motocin da ke shiga ina leƙa tagogi, har na ga wani dattijo ɗan unguwarmu da ke jirgin ƙarshe. Na roƙe shi ya nemi Hajiya a can ya ba ta. Ya ce in Allah ya yarda. Na san irin taron da zai nemi mace guda a ciki, shi ma ya sani.

Da alhazai suka dawo ya aiko mini da kaset ɗin a cikin ledar da na naɗe shi, tare da dabino da ɗan zamzam. Ya ce ya nema.

Hajiya ta zo da kanta ta ba mu labari. Ta ce an zaunar da Innar dab da talabijin, ta rufe idon hagu da tafin hannu. Ba ta yi jiri ba. Ta amsa kowace gaisuwa da ƙarfi, a daidai wurin da aka bar mata, ta ɗaga hannu a kowace addu'a, ta ce wa matar nan ta yafe duniya da lahira. Da aka zo kan Kawu ta sauko daga kujera ta durƙusa a ƙasa. Da hannun ya kama labule hoton ya ɗauke, ta zauna tana jira. Jikokinta suka ce ya ƙare. Ta ce a mayar baya. Hajiya ta ce duk kwanakin da ta yi tana zuwa gidan, kullum sai ta tarar an mayar, kuma kullum idan aka zo labulen sai Innar ta matso gaba.

Na sha juya wannan safiya a raina. Da na tashi a tsakiyar addu'a guda, da na katse Kawu a suna na biyar ko na shida, da an ga fuskar mahaifiyata. Amma ban san wace addu'a ce ya kamata in tashi a cikinta ba, kuma ban san ko Innar za ta yarda a sayi fuskar ƙanwarta da wannan ba. Wani lokaci ina ganin mahaifiyata ce ta yi gaskiya, wani lokaci ina ganin gaskiyar tata ce ta hana a gan ta. Ba mu taɓa yin maganar da ita ba har ta rasu.

Shekarar da ta biyo Hajiya ta kai kaset na biyu. Kafin nan idon dama ya rufe. An saka mata, ta saurari muryar ƙanwarta kamar yadda ta saba sauraro a rakoda, ta tambaya wace atamfa ce a jikinta, aka gaya mata.

Ban yi fim ba. Na samu aikin koyarwa, na sayar da kyamarar, farantin ƙarfen kuma Injiniya ya yi murfin kwata da shi a gaban shagonsa. Bayan nawa bai koma daidai ba. Yau ina da shekara hamsin, a kan kujera nake salla, kuma a tsaye nake gaida manya.